Hutun haihuwa da hutun shekara: Lissafin da ke cinye kwanakin ma'aikaciya a Kankiya

A farkon kowace shekara ake tsara jadawalin hutun ma'aikata, a sakatariyar ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya, kamar yadda ake yi a sauran ma'aikatun Jihar Katsina. Ga yawancin ma'aikata abin bai wuce zaɓar wata ba, wani ya so damina saboda gona, wani ya so lokacin azumi. Ma'aikaciya mai juna biyu kuwa tambayarta ta fi haka nauyi: idan ta tafi hutun haihuwa, hutun shekararta yana nan yana jiran ta, ko ya tafi ke nan? Amsar ta danganta da littafin da ke mulkin aikinta, kuma littattafan ba bakinsu ɗaya ba.

Wanda aka fi kafa hujja da shi shi ne kundin Ƙa'idojin Aikin Gwamnatin Tarayya na 2008. Ya ba mai ciki mako 16 a jere da cikakken albashi, a fara aƙalla mako huɗu kafin ranar da likita ya ƙiyasta za ta haihu. Wannan adadi shi ya shiga bakin jama'a. Jimlolin da suka biyo baya ne ba a cika karantawa ba. Sun ce hutun shekarar da ake ciki za a lissafa shi a cikin hutun haihuwar, kuma idan ta riga ta ci hutun shekarar kafin nan, to kwanakin da suka yi daidai da shi za ta yi su ne babu albashi.

Lissafin ba wuya. Mako 16 kwana 112 ne. Ma'aikaciyar da ke mataki na 07 zuwa sama tana da kwana 30 na hutun shekara a wancan kundi. A cire su, saura kwana 82, wato bai ko cika mako 12 ba. Wadda ke mataki na 04 zuwa 06, mai kwana 21, ita ke tsira da mako 13. Ashe ƙarin da ake yabo a kai daga aljihun mai jegon aka ciro shi. Abin ya fi zafi ga wadda ta ɗauki hutunta a watan Janairu, kafin ma ta san tana da ciki, sannan ta haihu a Nuwamba: za ta rasa albashin wata guda a daidai lokacin da ake sayen magani da kayan jariri. Ɗage hutun zuwa baɗi ma ba mafita ba ce, domin a tsarin aikin gwamnati hutun da ba a ci ba cikin shekararsa faɗuwa yake yi, sai fa in da izini aka jinkirta shi.

An sake fasalin kundin a 2021. A watan Nuwamban 2022 kuma Shugabar Ma'aikatan Tarayya ta lokacin, Dakta Folasade Yemi-Esan, ta fitar da takardar da ta mayar da lissafin hutu bisa ranakun aiki, tare da ba maza kwana 14 idan an yi musu haihuwa. Wannan ya tsawaita hutu, amma tsawo daban, haɗe hutu biyu wuri guda daban. Bugu da ƙari, akasarin ma'aikatan Kankiya da Kusada, malaman firamare ne ko ungozoma ko akawu, ba na tarayya ba ne. Na jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma takardar Abuja ba ta hawa kansu sai jiha ta ɗauka. Kowace jiha da tata tafiyar. Legas ta kai hutun haihuwa wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019. Don haka abin da ya kamaci ma'aikaciya shi ne ta nemi jami'in kula da ma'aikata ya nuna mata jimlar a rubuce, a littafin da ya shafe ta, kafin ta cike takardar neman hutun shekara.

Masu goyon bayan haɗewar suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. A ɗauki ƙaramin asibitin ƙauye mai ungozoma guda. Idan ta tafi wata huɗu, sannan ta ɗora wata na biyar, wa zai karɓi haihuwa? A yankin da mata da yawa ba sa yarda namiji ya duba su, rashin ma'aikaciya ɗaya na iya mayar da masu naƙuda ɗaki. Sai dai maganin wannan ɗaukar ma'aikata ne da tanadin masu riƙon ƙwarya. Ƙwace hutun mai jego yana rufe giɓin ne na wata guda, ya bar sauran huɗun a buɗe.

Asalin kuskuren shi ne ɗaukar jego a matsayin hutu. Duk wanda ya taso a gidan Bahaushe ya san kwana arba'in na wankan jego ba shaƙatawa ba ce, jinya ce, ga rashin barci, ga shayarwa dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a shayar da jariri nonon uwa zalla tsawon wata shida, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya ke samun haka. Da a ce kwana 30 ɗin nan na hannun uwa, da ta ɗora su a kan mako 16 ta matsa kusa da wata shidan, ko ta ajiye su domin ranakun rigakafi da zazzaɓin haƙori.

Ƙasashen da suka rigaya sun raba gardamar. Yarjejeniya ta 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1970, ta ce a lissafa kwanakin haihuwa cikin lokacin aikin da ake tara hutun shekara da shi. A 2004 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar wata ma'aikaciyar masana'anta 'yar Sifen, Merino Gómez, cewa dole a ba mace hutun shekararta a lokacin da ba na hutun haihuwa ba, ko da hutun kamfanin gaba ɗaya ya faɗo a ciki. Wannan shari'a ta yi kama da halin malamar makaranta a nan, wadda haihuwarta ta zo cikin dogon hutun Agusta. A Ingila hutun shekara na ci gaba da taruwa a lokacin jego, a kuma wuce da shi shekara mai zuwa.

Ga 'yan kasuwa da masu makarantun kuɗi da shagunan magani, Dokar Ƙwadago ta 1971 ce ke aiki. Sashe na 54 ya ba da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, da rabin awa sau biyu a yini domin shayarwa, ya kuma hana korar ta a lokacin. Sashe na 18 ya ba da aƙalla ranakun aiki shida na hutu da albashi bayan wata 12, ya yarda a jinkirta bisa yarjejeniya muddin ba a wuce wata 24 ba, ya haramta biyan kuɗi a madadin hutu sai in aikin ya ƙare. Babu inda dokar ta ce ɗaya ya haɗiye ɗaya. A wannan gaɓa, abin mamaki, mai tsaron shago ta fi jami'ar gwamnati madafa a takarda, ko da yake kwanakin nata kaɗan ne, kuma da yawa ba su da takardar ɗaukar aiki da za su kai gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Nauyin biya kuwa a wuyan mai ɗaukar aiki kaɗai yake. Mai makarantar da ke da malamai goma zai biya mai jego, ya biya wadda ta riƙe ajin, shi ya sa wasu ke kauce wa ɗaukar amare tun farko. A Jamhuriyar Nijar, inda hutun haihuwa mako 14 ne, asusun CNSS na ɗaukar wani kaso na kuɗin. Najeriya ba ta da irin wannan asusu na haihuwa, kuma ba ta rattaba hannu kan Yarjejeniya ta 183 ta shekarar 2000 ba, wadda ta tanadi mako 14 da aƙalla kashi biyu bisa uku na albashi.

Kafa asusu aikin Majalisar Tarayya ne, kuma zai ɗauki lokaci. Abin da ke hannun Katsina ya fi sauƙi. Takarda guda daga ofishin Shugaban Ma'aikata da Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta isa ta fayyace cewa hutun haihuwa ba ya cin na shekara, ba a yanke albashin wadda ta riga ta yi hutunta, kuma wadda jegonta ya tsallaka Disamba tana iya cin ragowar kwanakinta a shekarar da ta dawo.