Takardar Tuhuma Ba Ta Warkar Da Ciwo

'Yan uwa malamai, a zaman reshenmu na watan jiya na nemi a sanya batun lafiyar ƙwaƙwalwa cikin jerin buƙatun da za mu miƙa wa hukuma. Wani dattijo daga cikinmu ya ce ƙungiya ba asibiti ba ce, albashi da ƙarin girma suka tara mu. Wani kuma ya ce wannan ciwon 'yan birni ne, mutumin ƙauye bai san shi ba. Aka yi dariya, aka wuce zuwa batu na gaba. Girmansu yana nan a idona, amma sun yi kuskure, kuma irin kuskuren da ke cin mutane ne. Shi ya sa na dawo da maganar a wannan shafi.

Akwai malamin da muka yi shekara goma sha ɗaya muna koyarwa a makaranta ɗaya. Ba zan ambaci sunansa ba, da yawanku kun san shi. Mutum ne da yakan riga mai gadi buɗe ƙofa. Bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu sun tafi da ƙanensa, aka sayar da gonar gado aka biya kuɗin fansa, sai barci ya ƙaurace masa. Ya daina cin abinci, ya daina zama a majalisa. Sau biyu na leƙa ajinsa na same shi tsaye gaban allo, alli a hannu, yara sun zuba masa ido, shi kuwa ya kasa furta ko kalma ɗaya. Daga makara sai fashi. Abin da ofis ya aiko masa shi ne takardar tuhuma, ta biyu ta biyo baya, daga nan aka dakatar da albashinsa. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya tambayi abin da ya sauya ma'aikaci irin wannan ba.

Iyalinsa sun yi abin da suka sani. An yi tofi, an yi rubutu, an yi hayaƙi. Wani ya ce sammu ne, aka sayar da awaki biyu aka kai wa boka. Wani ya ba da shawarar a kai shi gidan mari. Sai bayan wata bakwai wata 'yar uwarsa ma'aikaciyar jinya ta dage a kai shi asibitin ƙwararru a birni. Ni na raka shi. Mun bar gari bayan sallar asuba, muka sauya mota sau biyu, muka yanki kati, muka bi layi har la'asar. Likita ya saurare shi da kyau, ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, kuma yana da magani. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a riƙa dawowa kowane wata. Kafin mako shida malamin nan ya fara barci, ya fara tambayar labarin ɗalibansa. Amma maganin babu shi a asibitin garinmu, kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa ya fi ƙarfin gidan da aka yanke wa albashi. A wata na uku ya daina zuwa. Ciwo ya dawo. Yau yana zaune a zaure, ajinsa kuma an haɗa shi da na wani, yara sun cika ɗaki har bakin ƙofa.

To, ina mutumin ƙaramin gari zai nufa idan hankalinsa ya fara gajiya? Asibitin sha-ka-tafi ya san zazzaɓin cizon sauro, ya san awon ciki da rigakafi. Idan ka ce ba ka barci, zuciyarka ta yi nauyi, sai a gwada jininka, a ba ka maganin zazzaɓi, a ce ka rage tunani. Mai kemis zai sayar maka da ƙwayar barci ba tare da takardar likita ba, kuma ta wannan ƙofa mutane da dama suka shiga shaye-shaye ba da niyya ba. Asibitocin ƙwaƙwalwa da aka sani a Arewa 'yan kaɗan ne: na Barnawa a Kaduna, na Kware a jihar Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Likitocin wannan fanni da ke aiki a ƙasar nan ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Ciwon ba na 'yan birni ba ne. Likitan ne ɗan birni.

Za a ce tunda likitoci ba su da yawa, babu yadda za a yi. Wannan uzuri ya tsufa. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyuka, suna zaune tare da danginsu, ba a bayan katanga ba. A 1991 Nijeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ginshiƙan kiwon lafiya a matakin farko, wato aikin asibitocin unguwa da na ƙauye. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP domin koya wa ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma yadda za su gane ciwon damuwa da farfaɗiya da gushewar hankali, su fara magani, su tura wanda ya fi ƙarfinsu gaba. Ke nan ba sai an gina katafaren asibiti a garinmu ba. Abin da ake buƙata ma'aikaci ɗaya ko biyu masu horo, da magani a kan kanta, da likitan da zai riƙa zagayowa lokaci-lokaci. Hanya tana nan a rubuce fiye da shekara talatin. Masu bin ta aka rasa, da kuma masu matsa lamba a bi ta.

Akwai masu cewa mumini ba ya shiga damuwa, wanda ya shiga to tawakkalinsa ne ya yi rauni. Malamin da nake magana a kansa shi yake jan mu sallar azahar a makaranta. Ba mu taɓa ce wa mai hawan jini ko mai ciwon suga imaninsa ne ya ragu ba. Muna yi masa addu'a, muna kuma kai shi asibiti, ba mu ga saɓani tsakanin biyun ba. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce kamar hanta da ƙoda, tana gajiya, tana ciwo, tana karɓar magani. Addininmu ya umarci a nemi magani. Wanda ya hana mara lafiya ganin likita da sunan tawakkali, ya ɗora wa addini abin da bai ce ba.

Gidan mari kuwa, duk wanda ya ga hotunan Rigasa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa da tabon duka a baya, bai kamata ya sake kiran irin wannan wuri gidan magani ba. Amma kada mu yi saurin zagin iyayen da suka kai 'ya'yansu can. Sun duba gabas sun duba yamma ba su ga wata ƙofa a buɗe ba. Muddin asibitin gari ya juya wa mai taɓin hankali baya, mai sarƙa ba zai rasa ciniki ba.

Doka ma tana tare da mu. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka, wadda ta ɗauki mara lafiya abin tsarewa. Sabuwar dokar ta hana nuna wa mai wannan larura bambanci, har a wurin aiki. Amma doka ba ta hawa babur ta zo ƙauye da kanta. Sai an sami masu ɗauko ta.

A nan ne amsar dattijonmu take. An ce albashi ya tara mu. To, albashin abokin aikinmu aka yanke saboda ciwo. Idan malami ya karye a ƙafa, ana ba shi hutun jinya, mu tara kuɗi mu je dubiya. Idan zuciyarsa ce ta karye, sai a buɗe masa fayil. In wannan ba aikin ƙungiya ba ne, ban san abin da muke biyan kuɗin wata dominsa ba.

Don haka ina roƙon zama mai zuwa ya amince da abubuwa huɗu. Na farko, mu nemi hukumar ilimi ta daina dakatar da albashin malamin da halinsa ya sauya farat ɗaya, har sai likita ya duba shi, kuma a karɓi takardar likitan ƙwaƙwalwa kamar ta kowane likita. Na biyu, mu rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha, mu nemi a horar da ma'aikata biyu a asibitin garinmu, a kuma kawo magungunan. Na uku, asusun walwalarmu, da ke fitar da kuɗi a suna da biki da ta'aziyya, ya riƙa biyan kuɗin motar mamba da mai rakiyarsa zuwa ganin likita. Na huɗu, reshe ya zaɓi mutum biyu masu riƙon amana, namiji da mace, waɗanda malami ko malama za su iya kai wa kuka ba tare da labari ya isa bakin kasuwa ba.

Kafin a yi wannan duka, akwai abin da ba ya jiran kuri'a. Shugabannin reshe su ɗauki fayil ɗin abokin aikinmu su koma ofis da shi, a maido masa da albashinsa, mu mayar da shi wurin likitansa a wannan wata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowannenmu yana tsaye gaban allo ne da ƙwaƙwalwa ɗaya, kuma babu wanda aka ba takardar shaida cewa tasa ba za ta gaji ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu ƙarfin halin tsaya musu.