Filin Koyon Faransanci: Rana Namiji, Wata Mace

Darasinmu na wannan wata a kan “le” da “la” ne, waɗannan 'yan ƙananan kalmomi biyu da suke kayar da yaranmu a jarrabawar CEP, suke kuma ba manyanmu kunya a gaban ma'aikata. Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya ce Faransanci ne harshen hukuma a Benin, saboda haka ko kana so ko ba ka so, da shi za ka cika takarda.

Mu Hausawa muna da sa'a a nan. Dandanci, wanda muke ciniki da shi a Jugu da kasuwar Arzeke ta Paraku, ba ya raba namiji da mace a sunayen abubuwa. Ingilishi “the” kawai gare shi, harshen Afirkans na Afirka ta Kudu kuma “die”. Amma mu tun muna goye muka san mota “ce”, doki “ne”. Ashe abin ba baƙo ba ne a kunnenmu.

To, a nan kuma tarkon yake. Bahaushe yakan ɗauka abin da yake mace a Hausa mace ne a Faransanci. Ina! Rana dai “le soleil” ce, namiji ke nan, wata kuwa “la lune”, mace. Kasuwa “le marché”, gida “la maison”, nama “la viande”. Wani lokaci a dace, kamar mota da “la voiture”, ko gishiri da “le sel”, amma dacen sa'a ne, kada a dogara da shi.

Inda abin ya fi wahala shi ne kalmomin da suka fara da wasali, don a can “le” da “la” duka sukan koma “l'”. Kakanninmu da suka ji “l'école” sai suka haɗiye shi gaba ɗaya suka ce lakwal, kamar yadda aka yi wa “al” na Larabci a cikin liman da littafi. Yaro ya yi shekara shida yana cewa “l'école”, har ma “mon école”, bai taɓa sanin mace ce ba. Ranar shifta sai ya rubuta “école fermé”, ya manta “e” na ƙarshe, maki ya tafi. Maganin wannan ɗaya ne: a haddace kowane suna tare da “un” ko “une”, don su ba sa ɓoye komai. “Une école, un hôpital, une igname, un oignon”. Iyaye, in kuna yi wa yaro tishi da dare, kada ku karɓi kalma tsirara.

Ƙarshen kalma yakan taimaka. Masu ƙarewa da “-tion” kusan duk mata ne, kamar “la station”. Masu “-ment” kusan duk maza ne, kamar “le médicament”. Masu “-age” galibi maza ne, “le village, le garage”, amma “la page” da “une image” sun fanɗare.

Kada wani ya ce ai ko an yi kure za a gane. “La poste” gidan waya ne, “le poste” kuwa sau da yawa ofishin 'yan sanda ake nufi. Wanda ya ce “je vais au poste” alhali wasiƙa zai kai, ya tayar da hankalin iyalinsa a banza.

Wani abu guda: mu muna raba gidansa da gidanta, su kuwa “sa maison” suke cewa ko na Audu ne ko na Binta, don gidan suke dubawa, ba mai shi ba.

Ga aikin gida. A sa “un” ko “une” a gaban waɗannan: oiseau, orange, usine, aiguille, avion, hôtel, assiette. Amsa tana nan tafe a fitowar wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.