RA'AYINMU: Natsuwa Ba Ta Shiga Ta Kunne

Wata sabuwar al'ada ta shigo tsakanin matasanmu masu karatu, har ta kai garuruwan bakin iyaka irin su Babban Mutum, a ƙaramar hukumar Ɓaure ta masarautar Daura. Sai ka tarar da saurayi ya buɗe littafi, ya toshe kunnuwansa da iyafis, ka yi sallama sau uku bai amsa ba. In ka tambaye shi sai ya ce ai ba waƙa yake ji ba, wani sauti ne da ya sauko da shi daga intanet, wanda aka ce yana buɗe ƙwaƙwalwa, yana sa hadda ta zauna. To, tun da abin ya taɓa karatun 'yan uwa da lafiyarsu da aljihunsu, ya zama wajibi mu ce wani abu.

Da farko dai ba za mu zargi yaron ba, domin matsalarsa ta gaskiya ce. Wanda yake shirin jarrabawar WAEC ko JAMB a gidan da yake kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa, ga injin niƙa a maƙwabta, ga janareton mai cajin waya, ga babura suna kai da kawowa, dole ya nemi mafaka. Abin tambaya shi ne, wannan mafakar da ya samu, ta gaske ce?

Sautin iri biyu ne. Na farko kiɗa ne mai sanyi marar waƙa, ko ƙarar ruwan sama, ko ta iska. Wani Bature ɗan Ingila, Brian Eno, shi ya yi fice da irin wannan kiɗa a faifansa na 1978, wanda ya tsara don filayen jirgin sama. Na biyu kuwa shi ne wanda za mu kira bugun kunne biyu. Yadda yake shi ne, a sa wa kunnen dama sauti mai girgiza sau 400 a sakan guda, na hagu kuma sau 410, sai ƙwaƙwalwa ta ji kamar wani abu yana bugawa sau 10 a sakan, alhali babu wannan bugun a waje. Wani masani Bajamushe, Heinrich Dove, ake jingina wa gano wannan tun 1839, sannan Gerald Oster ya farfaɗo da maganar a Amurka a 1973. Har nan ilimi ne tabbatacce, ba mai musu.

Inda gizo yake saƙa shi ne da'awar da 'yan kasuwa suka ɗora a kai, wato wai ƙwaƙwalwa za ta bi wannan bugun ta shiga halin natsuwa, ko ta so ko ta ƙi. A 2023 wasu masana a Jamus sun tattara bincike 14 da aka yi a kan wannan da'awa. Biyar ne kawai suka goyi bayanta, takwas suka saɓa mata, ɗaya ya tsaya tsaka-tsaki. Shin akwai mai hankalin da zai sayi irin shuka wanda aka gwada a gona 14 ya tsiro a biyar?

Kuma ba yau aka fara ba. A 1993 an yi wani gwaji da ɗalibai 36 a Kalifoniya, aka ce sauraron kiɗan Mozart ya ɗan ƙara masu ƙoƙari a wani nau'in gwaji, na tsawon minti 10 zuwa 15 kacal. Kafin ka ce kwabo labari ya koma wai kiɗan yana ƙara wa jarirai basira, har gwamnan jihar Jojiya ya nemi a ware kuɗi a 1998 don raba wa masu jego faifai. Daga baya bincike ya nuna ƙurar ta fi iskar yawa. Masu faifai dai sun riga sun ci kasuwarsu.

Mu ba baƙin sauti ba ne. Manomin ƙasar Daura ya san abin da gangar noma take yi wa samari ranar gayya. Amma ganga jiki take zaburarwa, fartanya kuwa ba ta bukatar tunani. Karatu aikin zuciya ne. Dubi tsangaya: almajiri yana tsakiyar muryoyi hamsin, kowa da allonsa, amma yana riƙe nasa, domin bakinsa da idonsa da kunnensa duk suna kan abu guda. In gardi ya so tilawa mai zurfi sai ya fita kiskadi bayan gari, ya bar hayaniya. Littafin Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya nuna wa ɗalibi lokacin asuba da tsakanin Magariba da Isha. Waɗannan mutane sun haddace izu sittin ba tare da sun sayi data ba. Sirrinsu lokaci ne, da wuri, da maimaitawa, da horon kai.

Abin da ya fi damun mu shi ne, ɓarawon natsuwar shi aka ɗauka gadi. Wayar da take kunna sautin ita ce mai ɗauke da WhatsApp da Facebook da TikTok. Saurayi ya ɗauke ta da niyyar canza sauti, sai saƙo ya shigo, sai bidiyo ya biyo, kafin ya farga an kira Isha, shafi ɗaya bai ƙare ba. An ba kura ajiyar nama ke nan. Ga kuma kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi, kuma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Wanda yake ƙure sauti don ya danne janareto, kunnensa yake biya.

Maganar hukuncin kiɗa kuwa, wannan fage ne na malamai, kowa ya tambayi malaminsa. Mu a nan amfani muke aunawa. Ba mu musun cewa ƙarar ruwan sama a hankali tana iya rufe surutun mutane, wasu kuma su ji sauƙi da ita. Wanda ba shi da wata dabara ya rage sautin yadda zai ji sallama, ya rufe data, ya kife wayar nesa da hannunsa. Amma ya sani toshe hayaniya ya yi, ba basira ya ƙara ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa matasa, su gwada da kansu. Mako guda a yi karatu bayan sallar Asuba, waya tana ɗaki, a karanta a bayyane, a rufe littafi a maimaita da ka, a sami aboki a yi wa juna tambaya. Sannan a kwatanta da makon iyafis. Muna kuma kira ga iyaye da masu unguwanni da limamai a Babban Mutum da sauran garuruwanmu, su samar wa yara wuri: zaure guda, ko ajin Islamiyya da dare, da fitilar sola da tabarma. Wannan ya fi kowane sauti da aka tsara a Turai araha, ya kuma fi shi albarka.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kiyaye mana ji da gani. Wassalam.