Idan Na'ura Ta Haɗiye Takardar Kuɗi, Me Ke Shiga Katin?

A tashar jirgin ƙasa ta Shinjuku da ke birnin Tokiyo, wadda ake lissafawa cikin tashoshi mafi cunkoso a duniya, akwai wani abu da dubban mutane ke yi kullum ba tare da sun tsaya sun yi tunani a kansa ba. Mutum zai tsaya gaban wata na'ura da ke jikin bango, ya aza katinsa ko wayarsa a kan wani ɗan faifai, ya zura takardar yen 1,000. Na'ura ta ja takardar ciki, kafin ya gyara tsayuwa adadin da ke kan allo ya ƙaru da dubu. Sai ya ɗauki abinsa ya nufi ƙofar shiga jirgi, ya ɗan taɓa katin, ya wuce. Takardar dai tana nan kwance cikin akwatin ƙarfe a cikin na'urar. To, mene ne ya shiga katin?

Tambayar ta shafe mu, domin mu ma mun kama wannan hanya. Tun 2020 gwamnatin jihar Legas ta fito da katin Cowry na shiga motocin BRT, wanda a yau ake shiga jirgin ƙasa na cikin birni da shi. A watan Yunin 2023 kuma Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin biyan kuɗi ta hanyar taɓa kati, inda ya ƙayyade naira 15,000 a ciniki ɗaya da naira 50,000 a yini. Abin da ya iso Legas ba zai daɗe bai iso Kano da Kaduna ba. Gara mu san yadda abin yake aiki tun kafin a miƙa mana shi.

Na ɗauki Japan misali ne saboda can tsarin ya fi nuna. Kamfanin jiragen ƙasa na JR East ya ƙaddamar da katin Suica a watan Nuwamban 2001, bisa wata fasaha ta kamfanin Sony mai suna FeliCa, wadda birnin Hong Kong ya riga ya fara amfani da ita a katinsa na Octopus tun 1997. Da farko katin na shiga jirgi ne kawai. A 2004 aka fara sayayya da shi a kantuna, a 2006 ya shiga wayar salula, a 2013 kuma manyan katunan sufuri goma na ƙasar suka amince kowanne ya yi aiki a yankin ɗan'uwansa.

Aikin farko na na'urar loda kuɗi shi ne tantance takardar da aka ba ta. Tana jan ta ne ta cikin wata siririyar hanya mai ɗauke da idanun lantarki. Wasu suna auna tsawonta da faɗinta, wasu suna haska ta da irin hasken da idon mutum ba ya gani domin duba alamomin da aka ɓoye a jikinta, wasu kuma suna neman tawadar da ke da sinadarin maganaɗisu. Sai na'urar ta gwada abin da ta gani da siffar sahihiyar takarda da aka ajiye a ƙwaƙwalwarta. In ba su dace ba, ta tofo ta waje. In sun dace, ta tura ta cikin akwatin da ma'aikata ke zuwa su kwashe daga baya.

Aiki na biyu shi ne magana da katin, kuma nan ne abin mamakin yake, domin katin ba shi da batir. A cikin robar akwai wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta kai farcen ɗan yatsa ba, an haɗa ta da siririyar waya da aka nannaɗe a gefen katin. Faifan da ake aza katin a kai yana fitar da igiyar maganaɗisu mai kaɗawa sau miliyan 13.56 a cikin daƙiƙa ɗaya. Da zarar katin ya matso kusa da 'yan santimita, igiyar nan ta haifar da wutar lantarki a cikin nannaɗaɗɗiyar wayar, ƙwaƙwalwar ta farka. Wato na'urar ce ke ranta wa katin wutar da zai amsa mata da ita. In aka ɗauke shi, ya koma barci, amma abin da aka rubuta a cikinsa yana nan.

Kafin a rubuta komai, sai kowanne ya tabbatar da ɗan'uwansa. Na'urar tana da mabuɗan sirri a cikin wani sashe nata da aka killace, katin ma yana da nasa. Kowanne zai jefa wa ɗayan wata lamba da ya ƙirƙira nan take, ya jira amsar da mai mabuɗin gaskiya kaɗai zai iya lissafowa. Ba a faɗin mabuɗin a fili, kuma lambar tana canzawa kowane karo, don haka wanda ya saci sauraron hirar yau ba za ta amfane shi gobe ba. Bayan an yarda da juna, na'urar ta karanta ragowar kuɗin da ke katin, ta ƙara abin da aka zura, ta umarci katin ya rubuta sabon adadi tare da kwanan wata. An kuma tsara rubutun ta yadda in mutum ya fizge katinsa ana tsakiyar aiki, ɗayan biyu ne zai faru: ko sabon adadi ya zauna cikakke, ko tsohon ya ci gaba da zama. Babu rabi da rabi. Daga nan na'urar ta aika rahoto zuwa babbar kwamfutar kamfani, cewa kati mai lamba kaza ya karɓi kuɗi kaza a tasha kaza.

Mai karatu zai ce ai wannan kamar loda katin waya ne, wanda muka saba da shi fiye da shekara ashirin. Akwai bambanci, kuma shi ne ƙashin bayan tsarin. Kuɗin kiran da ka loda ba ya cikin layinka, yana rubuce ne a kwamfutar kamfanin waya, shi ya sa in sabis ya ɗauke ba ka iya duba ragowarka. A katin Suica kuwa adadin yana cikin katin kansa. A tsarin da aka fara da shi, an ƙera ƙofar tasha ne ta yadda ba ta jiran amsa daga wani wuri mai nisa kafin ta cire kuɗin mota, sai ta gama lissafinta da katin cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shayi ko mai kanti ana jiran alat ya shigo, kaya a hannu, kunya a fuska, ya san darajar wannan.

Ita waya fa? Cikin wayoyin da ke wannan aiki akwai wata killatacciyar ƙwaƙwalwa da ke kwaikwayon kati, ta yadda na'ura ba ta ganin bambanci tsakaninsu. Matsalar da aka fara fuskanta ta siffa ce: tsofaffin na'urori suna haɗiye kati ne ta wata 'yar kafa, waya kuwa ba ta shiga kafar. Wannan ya sa aka ƙera sababbi masu faifan da ake aza abu a kai. Wayoyin iPhone sun fara ɗaukar Suica a 2016, tun 2018 kuma na'urorin cirar kuɗi na bankin Seven Bank da ke cikin kantunan 7-Eleven suke karɓar tsabar kuɗi su loda wa kati ko waya. Mai kanti ma yana iya loda maka a kan teburinsa. Ɗalibin da ba shi da asusun banki da tsohuwar da ba ta yarda da intanet ba duk sun sami ƙofar shiga.

Yanzu sai mu koma ga tambayar farko. Abin da ya shiga katin shaidar bashi ce. Ka ba kamfani tsabar kuɗinka, shi kuma ya rubuta a katinka cewa kana bin sa kaza, zai kuma biya duk mai kantin da ka taɓa katin a wurinsa. Amana ce irin wadda ake bai wa uwar adashe, sai dai wannan uwar adashen miliyoyin mutane ne ke zuba mata. In ta karye, lambar da ke katinka ba ta sayen ko ashana. Japan ta gane haka. Dokarta ta harkokin biyan kuɗi, wadda ta fara aiki a 2010, ta wajabta wa kamfanin da ke fitar da irin waɗannan katuna ya keɓe aƙalla rabin kuɗin jama'a da ba a kashe ba a matsayin jingina, muddin jimillarsu ta haura yen miliyan goma. An kuma hana katin Suica ɗaukar fiye da yen 20,000, domin in ya ɓata asarar ta tsaya a nan. Wanda ya yi rajistar katinsa da sunansa yana iya sa a toshe shi, a ba shi sabo da ragowar kuɗinsa. Wanda bai yi ba, ya yar da kati ya yar da kuɗi.

Kada a ɗauka tsarin ba shi da tabo. Kati yana barin sawu inda takarda ba ta bari. A 2013 an yi ca a kan JR East lokacin da aka gano ya sayar wa kamfanin Hitachi bayanan zirga-zirgar masu katin, duk da cewa an cire sunaye, har ya dakatar da abin. A 2023 kuma ƙarancin irin waɗannan 'yan ƙwaƙwalwa a kasuwar duniya ya tilasta dakatar da sayar da sababbin katuna na tsawon watanni.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka bi da tsabar kuɗin kanta. Na'urar loda kati gada ce tsakanin takarda da lamba, kuma wanda ya gina gada ya yarda ke nan cewa akwai mutane a ƙetaren kogi. Japan ta sanar da shirin sauya fasalin takardun kuɗinta a watan Afrilun 2019, ba ta fitar da sababbin ba sai 3 ga Yulin 2024. Shekara biyar aka ba masu na'urori su koya wa idanun lantarkinsu sabuwar takarda, tsofaffin takardun kuma ba a soke su ba. Mu kuwa an sanar da sauya fasalin naira ranar 26 ga Oktoban 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ɗan ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Ba sai na tuna wa kowa layukan banki da sayen naira da naira ba, da manoman da suka karyar da hatsi domin su riƙe takarda a hannu, har Kotun Ƙoli ta shiga tsakani ranar 3 ga Maris. An so a tura jama'a ƙetaren kogi ne tun ba a kafa gadar ba.

Gadar da muke da ita a yau mai POS ne da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin titi. Aikin da na'urar Tokiyo ke yi shi yake yi: ya duba takarda da idonsa, ya mayar da ita lamba, ko ya mayar da lamba takarda. Sai dai shi yana karɓar lada a kowane ciniki, kuma in sabis ya ɗauke aikinsa ya tsaya. Saboda haka duk ranar da wata gwamnatin jiha ko wani kamfani ya zo mana da katin shiga mota ko na kasuwa, akwai tambayoyin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida da ɗalibai su yi tun kafin a yanke kirtanin buɗewa. Mai tsabar kuɗi zai iya lodawa a tasha ba tare da an cire masa wani abu ba? Katin zai yi aiki in babu sabis? In na'ura ta haɗiye takarda ba ta loda ba, wa za a kai wa rasit, kuma cikin kwana nawa za a biya? A wane asusu ake ajiye kuɗin jama'a, kuma wa ke duba shi? Wa ke da ikon ganin inda mai kati ya je?

Wanda ya kasa amsa waɗannan bai shirya karɓar amanar mutane ba, komai kyan katinsa. Wanda ya amsa su kuwa ba zai buƙaci wa'adi ko barazana ba. Mai sayar da kayan miya a kasuwar Rimi ba ta ƙin sauƙi, asara take gudu. Ranar da ta tabbatar cewa naira dubun da ta zura a na'ura tana nan daram a katinta, ko da sabis ko babu, da kanta za ta nemi inda na'urar take.