Ɗakin Magani Ba Ma'aikaci, Rumbu Ne Ba Hatsi



Duk wanda ya taɓa ɗauko mai naƙuda da tsakar dare, ya tarar da ɗakin shan magani a kulle, sai da aka nemi mota zuwa Gaya, ya san abin da nake nufi.

Ciwon nan ya daɗe. Shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya yi alkawarin ƙananan asibitoci a karkara. A 1979 NPN da NPP suka haɗa gwiwa a gwamnatin Shehu Shagari, suka raba kujerun minista, a 1981 suka ɓata. Gine-gine da dama ba a ƙarasa ba, wasu an ƙarasa ba ma'aikaci. 'Yan siyasa sukan ƙulla su kwance, zazzaɓi kuwa ba ya jiran sulhunsu.

A Garkida, tun 1974, ekklisiya ta bi wata hanya: ƙauye ya zaɓi nasa, a koya masa aikin lafiya, ya komo gida. Ɗan gari ba ya gudu don damina ta yanke hanya.

Shawarata biyu ce. Da kaka, kowace ƙungiya, daga nan har Ajingi, ta ware hatsi don karatun yarinya guda da za ta koyi ungozoma. Sa'an nan in mai neman ƙuri'a ya zo da alkawarin gini, ku tambaye shi: wa zai kwana a ciki, wa zai biya albashinsa?

Allah ya ba mu lafiya.