Ƙarfin Ruwa A Kan Gada Da Na'ura Mai Koyo

Duk falken da ya ɗauko albasa daga Aliero, ya bi ta Jega da Maiyama zuwa Yawuri, dukiyarsa a kan ƙafafun gadar Gulbin Zamfara take. To, ruwa ba wucewa kaɗai yake yi ƙarƙashin gada ba. Yana tura ginshiƙi, ginshiƙin ya karkata shi, shi kuwa ya yi juyi ya haƙe yashin gindin, sa'an nan ginshiƙin ya raunana. Kowane yana sauya halin ɗan'uwansa. Iska ma hakanan take, gama a 1940 ta girgiza gadar Takoma ta Amurka har ta karye, wata huɗu bayan buɗe ta.

Ƙa'idar tafiyar ruwa tsohuwa ce: Navier ya rubuta ta a Faransa a 1822, Stokes ya kammala ta a Ingila a 1845. Kwamfuta takan yanka kogi da ginshiƙi gida-gida kamar hatimi, ta lissafa kowane gida. Amsar tana da inganci, amma takan ci kwanaki, ambaliya kuwa ba ta jira.

Saboda haka masana suka shiga nuna wa na'ura mai koyo tarin amsoshin da aka riga aka lissafa, har ta gane kamanninsu, ta riƙa amsawa nan take. A 2019 masanan Jami'ar Brown ta Amurka suka bayyana hanyar sanya ƙa'idar kanta cikin koyon, watau a riƙa gyara na'urar duk lokacin da ta saɓa mata.

Lalle wannan ci gaba ne, amma a lura. Almajiri in aka kai shi inda bai karanta ba, yakan yi shiru. Ita na'ura ba ta shiru, sai ta amsa gaba gaɗi ko da kuskure ne. Wadda ta koyi kogunan Turai ba ta san gulbin da yake janyewa da rani ya bar yashi, ya cika ya batse a Agusta ba. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar Kabi ta karya gadoji, ta isa gargaɗi.

Ya kamata jami'ar kimiyya ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ta haɗa kai da ma'aikatar ayyuka, a riƙa auna zurfin ruwa da gudunsa da ramin gindin kowane ginshiƙi duk damina, a rubuta, a koyar da na'urar da shi. Fataken kasuwar Jega su ne suka fi cancanta su matsa a yi.