Wa Ke Riƙe Da Gida In Maigida Ya Tafi Bida?

Da zarar an gama ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu, tashoshin motar Tawa sukan cika da maza masu jaka a kafaɗa. Daga Kalfu, Barmu, Afala, Tamaske da Keita suke fitowa. Wasu Abijan suka nufa, wasu Legas ko Kamaru, wasu kuma su bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Tafiya bida ta daɗe a wannan yanki na Adar, dalilinta kuma a fili yake: damina wata uku ce ko huɗu, ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 a kewayen Tawa ba, duwatsu da faƙo kuma sun ci ƙasa mai yawa. Gonar da ba ta ciyar da gida har wata kakar dole a nemo mata ciko a wani wuri.

Kowa na maganar kuɗin da ƴan bida ke aikowa da gidajen siminti da suka gina. Ba a cika maganar waɗanda ke riƙe da gidan ba tsawon watannin da maigida ba ya nan. Uwargida ce ta farko. Bayanta akwai tsohon aboki, da ƙawa, da maƙwabci. Wannan zumunci shi ne babban jarin Adar, ga shi kuma yana sassautawa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Wahalhalun gida ƙanana ne, amma ba sa jiran kowa. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Pampo ya ɗauke, jarkoki sun yi layi tun asuba, ɗan ga-ruwa ya ƙara kuɗi. Wuta ta tafi, ƙanƙarar da mace ta sa a firiji don ta sayar ta narke, jarin ranar ya bi ruwa. Itace ya yi tsada. Agusta ta zo, katangar laka ta zube, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro cikin tsakar dare. Mai gidan na Abijan yana iya aiko da kuɗin magani da safe, amma wanda zai tada babur ƙarfe biyun dare ya kai uwa da ɗa asibiti sai wanda ke nan cikin unguwa.

Galibi shi ne abokin da suka yi makarantar allo tare, suka yi kiwon awaki tare. Yakan zo da yamma ya yi sallama, ya tsaya a zaure, ba ya ƙetarawa ciki. Ya tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ya ji ko hatsi ya kusa ƙarewa. In ya kusa, shi ke zuwa wurin mai kanti ya tsaya a ba da tiya biyar bashi da sunansa. Ranar suna shi ke zaɓo rago a kasuwar Lahadi, ya raba goro da dabino, ya raɗa wa liman sunan da uban ya aiko. Ba a biyansa ko dala. Ya dai san in shi ne ya tafi baɗi, haka za a tsaya wa iyalinsa.

Zumuncin mata ya ma fi tsari. Ranar biki kowace ƙawa ta kawo abin da ta iya, a rubuta a littafi, ranar nata a mayar mata har da ƙari. Ga adashe, ga asusun Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu cikin ƙasa: mata su taru duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanka, mai bukata ta ranta ta biya. Daga nan kuɗin takardar magani ke fitowa, da na littattafan lakwal, da jarin ƙosai. Matan Adar sun riga sun nuna abin da haɗin kansu ke iyawa. Lokacin da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, mata ne mafi yawan masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramukan dashe a kan tuddai, domin mazan suna wurin bida.

A da, saƙo a hannun mutum yake tafiya. Wanda zai dawo gida shi ke ɗauko wasiƙu, da kaset ɗin da aka naɗi murya, da kuɗin gidaje da dama a ɗaure cikin lalita. Yau akwai kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Al Izza da Amana, akwai WhatsApp. Kuɗi na isowa cikin mintoci, kai tsaye hannun matar, kuma wannan alheri ne babba. Ya rufe ƙofar masu cin amana, waɗanda da ma akwai su. Sai dai ya sa wasu maza suna ganin da sun tura kuɗi sun sauke duk wani nauyi. Shekara ta zagayo ba su kira abokin da ke zirga-zirga a kan iyalinsu ba. In sun dawo da sabon babur, sai su yi makonni ba su taka ƙofarsa ba.

Alhali kuɗin waje yakan yanke, kuma Adar ta sha ganin haka. Rikicin Kodebuwa na 2002 ya tsayar da kasuwancin mutane da yawa. Yaƙin Libiya na 2011 ya koro dubban ƴan jihar Tawa gida hannu rabbana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin ECOWAS ya rufe iyakar Ƙonni, Najeriya ta yanke wutar da take bayarwa, farashin shinkafa ya tashi, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. A duk waɗannan lokuta, gidajen da suka fi jurewa su ne masu maƙwabcin da zai miƙo kwanon tuwo ta kan katanga, da ƙawar da za ta bar wa wata kwasarta ta adashe.

Wata barazanar ga wannan zumunci daga cikin gida take. Biki ya fara zama gasa. Anko, da kayan ɗaki, da ninkin da ake jira a mayar, sun kai wata ta sayar da akuyarta ɗaya tilo don gudun gori. Wadda ta kasa sai ta daina zuwa, a hankali a daina nemanta. Haka ƙawancen ƙuruciya ke mutuwa tsakanin matar mai kanti a Abijan da matar mai turin baro a Legas, ba tare da wani faɗa ya haɗa su ba.

Wani zai ce ruwa da wuta da asibiti haƙƙi ne a wuyan hukuma, bai kamata a jibga wa abokai ba. Gaskiya ne, kuma dole a ci gaba da neman wannan haƙƙi. Amma Tawa na girma. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 150,000 a birnin, jami'ar da yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani ta jawo ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina, sababbin unguwanni sun cika da ƴan haya da ba su san na kusa da su ba. Ko an ja pampo kowane gida, matar da naƙuda ta kama cikin dare tana bukatar ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Gyaran yana hannun mutanen gari. Ɗan bida ya ware wa abokin da ya tsaya masa kira na musamman da tsaraba, kuma gidansa ya zama na farko da zai je bayan na iyaye. Bashin da ke tsakanin abokai a rubuta shi da shaidu, kamar yadda Suratul Baƙara ta yi umarni, domin rashin rubutu ya raba aminai da yawa. Limamai da masu unguwanni su zauna da shugabannin ƙungiyoyin mata a yanka iyakar abin da ake kaiwa biki. Su kuma samarin fada, da ake yi wa kallon masu kashe lokaci a gindin butar shayi, a ba su aikin gayya na yashe magudanun ruwa da gyaran katangun gidajen da mazansu ba sa nan, tun kafin ruwan Yuni ya sauka.